Idan an hukunta ɗanku a makaranta: matakan da iyaye za su bi a Tawa

A gidaje da yawa na garin Tawa, idan yaro ya dawo daga lakwal da shatar bulala a gadon bayansa, ko dai a ce masa shi ya ja wa kansa a rufe zancen, ko kuma uba ko yayansa ya tashi a fusace ya nufi makarantar, a yi cacar baki da malami a gaban ɗalibai, daga nan yaron ya zama abin nuni a aji har ya fara laɓewa a hanya, ƙarshe ya daina zuwa gaba ɗaya. A duka halayen biyu karatun yaron ne ke salwanta. Doka da tsarin makaranta sun tanadi matakan da uba ko uwa za su bi, kuma yawancinsu ba sa buƙatar lauya ko kuɗi, sai dai haƙuri da rubuta abin da ya faru da sanin wanda ya kamata a fara tunkara.

Abin da doka ta tanada

Nijar ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 tun a shekarar 1990. Sashe na 28 na wannan yarjejeniya ya ɗora wa ƙasa alhakin tabbatar da cewa horon da ake yi a makaranta bai zubar da mutuncin yaro ba, sashe na 19 ya ce a kare shi daga duka da rauni da wulaƙanci a hannun duk wanda aka damƙa wa kula da shi, sashe na 12 kuma ya ba shi damar a ji ta bakinsa a kan duk lamarin da ya shafe shi. Haka nan ƙasarmu tana cikin waɗanda suka amince da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro, wadda aka zartar a Addis Ababa a 1990. Sashe na 11 nata ya ce yaron da ake yi wa horo, a makaranta ne ko a gida, a bi da shi cikin tausayi da mutuntawa. Ita wannan yarjejeniya ba ta tsaya ga haƙƙin yaro kaɗai ba, domin sashe na 31 ya ɗora masa nauyin girmama iyayensa da na gaba da shi, saboda haka wanda ya ce zancen haƙƙin yara hanya ce ta koya musu raina malamai bai karanta ta ba.

A cikin gida, dokar da ta tsara harkar ilimi ita ce doka mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda aka fi sani da LOSEN. Ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan Nijar, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin samar da shi ga yara daga shekara 4 zuwa 18. Game da duka kuwa, ma'aikatar ilimi ta daɗe da fitar da takardar umarni da ke hana malamai dukan ɗalibai. Ya kamata iyaye su fahimci matsayin wannan takarda sosai: umarni ne na ma'aikata ga ma'aikatanta, wanda shugabannin malami za su iya hukunta shi a kansa ta fuskar aiki, amma ba doka ce da ta ambaci dukan makaranta da sunansa ta sa masa hukuncin kotu ba. Inda kotu ke shigowa shi ne idan duka ya kai ga rauni, domin kundin hukunta laifuka na ƙasa, daga sashe na 222, ya tanadi hukunci ga wanda ya doki wani ko ya ji masa ciwo da gangan, kuma bai keɓe malami ba.

Akwai iyayen da ke ganin addini ya ba malami cikakken izinin duka, kuma ra'ayi ne da ya cancanci a amsa shi da ilimi, ba da izgili ba. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Malaman Malikiyya da suka yi rubutu kan ladubban koyarwa, irin su Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan a ƙarni na 9, sun ƙuntata abin matuƙa, inda suka taƙaita shi ga bulala uku in ba da izinin uba ba, suka kuma hana taɓa kai da fuska. Masanin tarihi Ibn Haldun ya yi gargaɗin cewa tsanani ga ɗalibi yana koya masa ƙarya da yaudara, domin yakan ɓoye abin da ke ransa saboda tsoron hannun da zai sauka a kansa. Wanda ke tsula wa yaro ɗan shekara bakwai igiyar lantarki saboda ya kasa karanta jimla ba shi da mafaka a wajen waɗannan malamai.

Abin da za a yi tun kafin wata matsala ta taso

A farkon shekarar karatu, cikin watan Oktoba, ku nemi a nuna muku dokar cikin gida ta makarantar. A kwaleji da lise a rubuce take, galibi a liƙe a allon sanarwa ko a ofishin surbeyan, wato jami'in da ke kula da ɗa'ar ɗalibai, kuma ita ce ke faɗin lokacin shiga, da suturar da aka yarda da ita, da hukuncin latti da fashi da riƙe salula, da jerin hukunce-hukunce daga gargaɗi zuwa kora. Ku ɗauki hotonta da wayarku, ku sa a karanta muku a gaban yaron. Makaranta mai zaman kanta ma tana da tata, kuma sa hannun da kuka yi ranar rajista yarda ce da ita, don haka a karanta kafin a sa hannu.

Ku san mutanen da ke cikin kwamitin kula da makarantar, wanda har yau jama'a ke kira COGES, ko da yake a hukumance CGDES ake ce wa na firamare. Mutanen Tawa sun fi kowa cancantar sanin amfaninsa, domin a wannan jiha ne aka fara gwada tsarin zaɓen mambobinsa ta hanyar ƙuri'a, a shekarar 2004, da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Jafan, kafin a yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Akwai kuma ƙungiyar iyayen yara ta APE da ƙungiyar iyaye mata ta AME. Uban da bai taɓa halartar babban taron iyaye ba, ranar da ya zo da ƙorafi baƙo ne a wurin, wanda kuwa aka saba ganinsa ana sauraronsa tun kafin ya zauna.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasar Adar, wato yankin da Tawa take ciki, musamman. Maza da yawa suna tafiya bida, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, su yi watanni ko shekaru, a bar yara a hannun uwa ko kaka ko baffa. Haka kuma yaran ƙauyukan Keita da Buza da Illela da suka samu shiga kwaleji a birni suna zaune ne a gidan wani ɗan'uwa ko mai riƙo. Idan makaranta ta aiko takardar kiran uba, uban kuma yana wata ƙasa, sai takardar ta kwana a cikin jakar yaro, a ci gaba da hana shi shiga aji har sai ya zo da babba. Maganin wannan shi ne a je tun farkon shekara a gabatar da wanda zai tsaya wa yaron, a rubuta sunansa da lambar wayarsa a ofis. Uwa tana da cikakken ikon tsayawa a wannan matsayi, kuma babu wanda ya isa ya ce mata ta koma sai namiji ya zo.

Idan yaro yana da sikila ko farfaɗiya ko asma, ko ba ya gani sosai daga nesa, ko kunnensa ɗaya ba ya ji, a faɗa wa malaminsa da darakta, a kuma ba su a rubuce. Yara da yawa da ake duka da sunan taurin kai allon ne ba sa gani daga bencin baya.

Yadda ake bambance horo da cutarwa

Makaranta ba ta tafiya sai da horo, kuma uban da ke ruga wa malami a kan kowane tsawa yana ɓata ɗansa ne. Hausawa sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi. Malami yana da ikon yi wa ɗalibi faɗa, ya sauya masa wurin zama, ya ba shi ƙarin aikin rubutu, ya sa shi ya gyara abin da ya ɓata ko ya share inda ya zubar da shara, ya rage masa makin ɗa'a, ya kira iyayensa. Ku kuma tuna halin da malamin yake ciki: aji cike maƙil, wani lokaci a rumfar zana, littafi ɗaya a hannun yara da yawa, shi kuma sau da yawa ɗan kwantiragi ne da ke jiran albashi. Wannan ba hujjar duka ba ce, amma sanin sa yana gyara harshen da za a yi masa magana da shi.

Hukunci ya fita daga horo ya zama cutarwa idan ya bar rauni ko tabo a jiki, ko ya taɓa kai da fuska da kunne, ko ya jefa lafiyar yaro cikin haɗari. Durƙusar da yaro a kan tsakuwa cikin rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, yana cikin wannan, haka tsallen kwaɗo har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, da hana shi shan ruwa ko zuwa bayan gida. Cutarwa ce kuma idan an nufi tozarta shi: zagin iyayensa, yi masa gori da talauci ko asali ko ƙabila ko wata naƙasa, sa ƴan aji su yi masa ihu, ko tuɓe masa tufafi. Sai wasu abubuwa guda biyu da aka saba da su har an daina ganin muninsu. Na farko shi ne ba shugaban aji bulala ya doki ƴan'uwansa, ko a sa wanda ya ba da amsa daidai ya mari wanda ya kasa, abin da ke haifar da gaba tsakanin yara wadda ake ƙarasawa a hanyar gida. Na biyu shi ne aiken ɗalibi, galibi yarinya, ta je gidan malami ɗebo ruwa ko wanke-wanke a lokacin darasi. Wannan ba ya cikin kowace dokar makaranta, kuma ta nan ne manyan matsaloli ke shigowa.

Rage makin jarrabawa saboda laifin ɗa'a shi ma bai dace ba, domin makin lissafi shaida ce ta abin da yaro ya iya a lissafi, ɗa'a kuma tana da nata gurbi a takardar sakamako. Game da korar yaro gida saboda ba a biya kuɗin COGES ba, a ganina zalunci ne tsantsa: gudunmawa ce da taron iyaye ya amince da ita, nauyinta yana wuyan manya, kuma ba daidai ba ne yaro ya rasa darasi a kan abin da ba shi da ikon biya. Wanda ba shi da hali ya je ya faɗa wa shugaban kwamiti, a ɗaga masa ko a karɓi aikin hannunsa a madadin kuɗi.

Ranar da abin ya faru

Kada ku fara da faɗa, kada kuma ku fara da rantsuwar ɗaukar fansa. Ku bari yaron ya sha ruwa ya ci abinci, sannan ku zaunar da shi nesa da ƙannensa, ku ce ya faɗi abin da ya faru tun daga farko. Ku tambaye shi abin da ya yi kafin a taɓa shi, da me aka doke shi, sau nawa, a wane darasi, su wa ke wurin. Kada ku sa masa magana a baki da tambaya irin "a kai ya buge ka, ko ba haka ba?", domin yaro yakan amsa abin da ya ga babba yana so. Idan ya faɗi laifinsa da kansa, kada ku ƙara masa wani duka a kai, in ba haka ba gobe ba zai sake faɗa muku komai ba.

Daga nan ku duba jikinsa a wuri mai haske. A ɗaga riga a duba baya da kafaɗu da damatsa, a duba cinyoyi da ƙwauri, a buɗe tafin hannu a sa shi ya dunƙule yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Idan mari ne, a toshe kunne ɗaya a yi masa magana a hankali ta ɗayan, a duba ko akwai jini ko ruwa da ke fita. Yarinya, uwarta ko innarta ce za ta duba ta. Ku ɗauki hoton raunin a ranar, domin shatar bulala takan baje cikin kwana biyu ko uku, amma kada ku sa hoton a Facebook ko a zaurukan WhatsApp na unguwa. Yaɗa shi yana tona asirin yaron, yana rufe hanyar sasantawa, kuma zai iya jawo a kai ku ƙara kan ɓata suna. A sami takarda a rubuta kwanan wata da sa'a da sunan aji da abin da yaron ya faɗa da kalmominsa, da boko ko da ajami, duk wanda ya sauwaƙa.

Idan akwai kumburi mai yawa, ko yaro ya kasa motsa gaɓa, ko yana amai ko jiri bayan an taɓa kansa, ko ido ya yi ja, ko kunne ya daina ji, asibiti za a fara zuwa kafin makaranta. A nemi likita ya rubuta takardar shaidar rauni, wadda ke bayyana abin da ya gani da yawan kwanakin da yaron zai yi yana jinya, a kuma adana takardun magani da rasit. Ko da ba ku da niyyar zuwa kotu, wannan takarda ce ke hana a ce muku daga baya faɗuwa ya yi wajen ƙwallo.

Zuwa makaranta

Idan abin ƙarami ne kuma karo na farko, ku fara da malamin kansa, a lokacin hutun tara ko bayan an tashi, ba a ƙofar aji yara suna kallo ba. A yi sallama, a gaisa, a tambayi aiki da iyali yadda aka saba, sannan a ce masa wani abu kamar haka: "Mushe, jiya yaron nan ya dawo da shata a bayansa, ya faɗa mini nasa, na ce ba zan yanke komai ba sai na ji daga bakinka." Ku saurare shi har ya gama. Sau da yawa a nan ne uba ke jin cewa ɗansa ya yi mako yana fashin darasin yamma, ko shi ne ke cin zalin ƙanana. Ku karɓi laifin yaron in akwai, sannan ku faɗi buƙatarku a fili: "Na yarda ya yi laifi, kuma zan hore shi a gida. Abin da nake roƙo shi ne kada a sake dukansa. In ya ƙara, ga lambata, a kira ni ko da tsakar rana ne." Wannan alkawari sai an cika shi. Uban da ya hana a taɓa ɗansa, aka kira shi kuma bai zo ba, ya bar malami ba shi da abin riƙewa.

Idan abin ya maimaitu, ko malamin ya ƙi sauraro, ko raunin ya wuce na wasa, sai a je wajen darakta. A kwaleji a bi ta wajen surbeyan, a lise kuma har wajen furobizar, wato shugaban makarantar. Ku tafi da mutum ɗaya mai natsuwa, zai fi kyau ya kasance daga APE ko AME, kada ku tafi da tawagar dangi. Ku shiga da buƙata takamaimai wadda darakta ke da ikon biya: a yi wa malamin magana, a daina ba shugaban aji bulala, a mayar da yaron wani aji in akwai, a ɗauki nauyin magani. Kafin ku tashi ku maimaita abin da aka amince da shi a gaban kowa, ku kuma tambayi ranar da za ku dawo ku ji inda aka kwana.

In mako biyu ya wuce ba a ga canji ba, sai a koma ga rubutu. Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo: sunan yaro da ajinsa, ranar da abin ya faru, abin da aka yi masa, waɗanda aka riga aka gana da su da ranakun ganawar, sai abin da ake nema. Kada a sa zagi ko zargin da ba a da shaidarsa. Ko da yake kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun ofis har yanzu galibi da Faransanci suke tafiya, don haka a nemi wani amintacce ya rubuta, sannan ya fassara muku kafin ku sa hannu ko dangwale. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ku riƙe. Don firamare, ana kai ta ofishin sufeton makarantu na yankin, wanda shi ne shugaban darakta. Don kwaleji da lise, ofishin da ke kula da makarantun sakandare. In duk ba a dace ba, sai hukumar ilimi ta jiha da ke nan cikin Tawa. Tsallake matakan ƙasa a tafi sama kai tsaye ba ya saurin kawo biyan buƙata, domin tambayar farko da za a yi muku ita ce ko kun ga darakta.

Idan kora ake shirin yi

Malami zai iya fitar da ɗalibi daga darasinsa ya tura shi wajen surbeyan, amma korar dindindin saboda hali ba hukuncin mutum ɗaya ba ce, aikin majalisar ladabtarwa ta makaranta ne. Ku bambance ta da korar ƙarshen shekara saboda ƙarancin maki, wadda ke da nata ƙa'idoji. Da zarar an aiko takardar kira, ku tambayi laifin da ake tuhumar yaron da shi da sashen dokar cikin gida da ya karya, ku kuma nemi a ba shi dama ya yi magana da bakinsa a zaman. Ku shirya shi ya faɗi gaskiya a taƙaice, ya nemi afuwa a inda ya yi kuskure, kada ya tsaya jayayya kan abin da kowa ya gani. Ku zo da takardun sakamakonsa na baya in suna da kyau, ku tambaya ko an taɓa yi masa gargaɗi a rubuce kafin wannan, domin tsalle daga laifin farko zuwa kora abu ne da za a iya roƙon a sake dubawa, musamman ga ɗan ajin jarrabawar gama kwaleji ta BEPC ko ta gama lise ta BAC. Ku gabatar da wani hukunci a madadinta, kamar dakatarwa ta ƴan kwanaki, ko biyan abin da ya lalata, ko alkawari a rubuce da ku da shi za ku sa wa hannu. Duk hukuncin da aka yanke, a ba ku shi a rubuce. Korar baki, wadda ake ce wa yaro kawai kada a sake ganinsa, ita ce mafi muni, domin babu takardar da za a ɗaukaka ƙara da ita, kuma a rajista za a rubuta cewa shi ne ya gudu.

Game da ƴaƴa mata

A ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar shugaban ƙasa mai lamba 2017-935 kan karewa da tallafa wa yarinyar da ke karatu, a 2019 kuma ministocin da abin ya shafa suka fitar da umarnin haɗin gwiwa wanda ya ba yarinyar da aka aurar ko ta samu ciki damar ci gaba da karatunta da komawa aji bayan haihuwa. Sashe na 11 na Yarjejeniyar Afirka ma ya faɗi haka a fili game da yarinyar da ta samu ciki. Saboda haka idan aka ce wa yarinya ta zauna gida don wannan dalili, a je da matan AME wajen darakta a nemi a rubuta mata hutu da ranar komawa, kada a bari sunanta ya fita daga rajista.

Uwa ta lura idan ɗiyarta ta fara ƙin darasin wani malami ba tare da dalili ba, ko makinta a fanni ɗaya ya faɗi ko ya tashi kwatsam, ko ana kiranta a waya da dare da sunan ƙarin darasi. Tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003, amfani da matsayi don matsa wa wani da neman lalata laifi ne mai zaman kansa. A tambaye ta cikin sirri da lallashi, kada a fara da tuhumarta, kada kuma a goge saƙonnin da ke cikin wayar.

Abubuwan da ba a sasantawa a zaure

Mu mutane ne masu son sulhu, kuma a yawancin rigingimun makaranta zaman dattawa da ban haƙuri sun wadatar. Amma karaya, da asarar ido ko ji, da duk wani taɓa yaro ko yarinya ta hanyar lalata, ba a rufe su da goro da "a yi haƙuri, ƙaddara ce". Za a zo muku da liman da mai unguwa, a ce kada ku raba mutum da abincinsa, kuma nauyin idonsu yana da wuyar turewa. Abin da ya kamata ku riƙe a ranku shi ne, wanda aka rufa wa asiri aka mayar da shi wata makaranta, wasu yaran zai tarar a can. A kai ƙara kwamisariya, inda ƴan sanda ke da sashen kula da ƙananan yara, ko wajen jandarmomi in a ƙauye ne, ko kai tsaye wajen mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Tawa ko ta Ƙwanni, tare da takardar likita da hotuna da sunayen shaidu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin ANAJJ a kotun, hukumar da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi da ƙananan yara a harkar shari'a. Wannan hanya a buɗe take ko da a makarantar allo ko Islamiyya abin ya faru, domin kundin hukunta laifuka bai bambanta makaranta da makaranta ba.

Idan kuma ɗanku ne ake tuhuma, misali ya ji wa wani ciwo a faɗa ko an ce ya yi sata har aka kira ƴan sanda, ku je wurin nan take ku nemi a saurare shi a gabanku. A dokar Nijar yaron da bai kai shekara 13 ba ba a yanke masa hukuncin laifi, matakan kariya da tarbiyya ake ɗauka a kansa, wanda ke tsakanin 13 da 18 kuma alƙalin yara ne ke duba lamarinsa. Shekarun nan da takarda ake tabbatar da su, don haka ku riƙe takardar haihuwarsa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta.

Bayan an kashe magana, ku sa ido na wasu makonni: ku duba littattafansa ku ga ko ana gyara masa aiki, ku tambaye shi ko ana kiransa ya amsa tambaya a aji ko an yi watsi da shi, ku kwatanta makinsa da na zangon da ya wuce. Idan zama ya gagara har sai an sauya makaranta, kada ku cire shi sai kun samu gurbi a wata, sannan ku karɓi takardar sauyin makaranta da takardun sakamakonsa da duk abin da ke cikin fayil ɗinsa, ku kuma tabbatar an shigar da sunansa cikin jerin masu jarrabawa a sabuwar makarantar in shekarar jarrabawarsa ce.